Maganin Kaka Ya Fi Zaƙi

"Baffa Dakta, in ka gama da jinina za ka dawo min da shi?"

Falon cike yake da matan maƙwabta da suka shigo taya murna, nan take wuri ya kaure da dariya. Tsigi dai ba ta yi dariya ba. Tana tsaye jikin kujera, ta miƙa siririn hannunta tana nuna filastar da aka manna mata, ta zuba wa baffanta ido ƙur tana jiran amsa, irin jiran da 'yar shekara shida take yi.

"Ji ja'ira!" in ji kakarta, Inna, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. "Jinin naki guda nawa? Sauro ma ya fi Baffanki ɗiba."

Baffa Dakta ya gyara wuyan farar rigarsa, ya yi murmushin manya. Ɗalibi ne ɗan aji uku, ko kaza bai taɓa yi wa allura ba, amma tun ranar da jami'a ta ɗauke shi Inna ta hana a kira shi da sunansa. Da farar rigar yake shan shayi, da ita yake fita sayen katin waya. Murnar da ake yi yau kuwa ta samun gurbi ce. Jami'arsu tana da wata cibiyar bincike da ke haɗe da ita, duk dogon hutu cibiyar takan ɗauki ɗalibai kaɗan su koyi aiki a hannun manya, wanda ya yi ƙoƙari kuma sunansa ya fito a jikin rahoto. An sa Dakta cikin masu binciken sikila, aka ce kowane ɗalibi ya nemo yaran da iyayensu suka yarda. Abokansa suka bazu asibitoci, suna zama kan benci suna lallashin iyaye mata. Shi zaman benci ai zubar da girma ne. Ya waiga cikin gida, ya ga 'yar wansa Tsigi, mai fama da sikila.

Maman Tsigi tana raba kofuna, ita ma ba ta yi dariya ba. Da baƙi suka watse ta tare shi a bakin ƙofa.

"Gwajin nan dai ba zai taɓa maganinta ba ko?"

"Haba Matar Yaya! Ke dai ki ji da keken ɗinkinki, ki bar mana jini. Gwaji ne kyauta, wanda masu hannu da shuni suke bin layi su biya."

Ta yarda, don ba ta ga dalilin ƙin yarda ba. Aikinta a wani shagon ɗinkin kayan makaranta yake, can ƙarshen gari, tana fita tun Tsigi na barci. Ƙwaya ɗaya likitan yarinyar ya ɗora ta a kai duk safiya, kuma tun da aka fara ba su sake kwana a asibiti ba. Saboda fitar sassafe, kwalbar a ɗakin Inna take zama, ita ke ba ta bayan shayi. Duk wata Maman Tsigi takan karɓo sabuwa ta miƙa wa surukarta da hannu biyu, har da godiya.

Tsallen igiya Tsigi ta fara bari. Da, in uwarta ta dawo takan tarar da ita a ƙofar gida tana tsalle tana ƙirga, ƙirgen ma da tsallake. Yanzu sai ta same ta zaune kan dakali, igiyar a nannaɗe a cinya, tana kallon 'yan uwanta yara.

"Na gaji ne, Umma."

"Girma ne," in ji Inna. "Yaro in zai yi tsawo haka yake yi."

Sai farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Maman Tsigi ta ja ta gaban taga, ta buɗe fatar idon da yatsa.

"Baban Tsigi, zo ka gani."

Maigidan mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali, irin sanyin da ba ya kashe wuta. Ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"To, ga likita a gida. Me za mu je nema a waje?"

Likitan gida ya zo da abin awon ƙirji rataye a wuya, ya ɗora nan, ya ɗora can, ya ce ba ta shan ruwa ne sosai. Ranar zuwa asibitinta ta zo, ya ce ɓata lokaci ne, ai jiya-jiya aka auna ta a cibiya, da na'urorin da asibitin nan ko a mafarki bai taɓa gani ba. Maigidan ya ji daɗin wannan magana, don ta hutar da shi rufe shago. Aka tsallake.

Daga nan ciwon ƙafa ya dawo, tsohon baƙon da suka ɗauka sun rabu da shi. Maman Tsigi ta dawo aiki wata yamma ta ji kukan tun daga zaure, kukan da ba ya tashi sama, sai dai ya riƙa fita a hankali kamar ana matse shi. Tsigi na kwance kan tabarma ta dunƙule. Dakta na tsugune a gabanta da waya a hannu, yana latsawa.

"Daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne? Yi magana mana."

"Ban iya ƙirga shi ba, Baffa."

"Ce takwas. Takwas ko?"

Uwar ta lura da fuskarsa, abin ya tsaya mata a rai. Ba fuskar mai tausayi ba ce. Fuskar mai kamun kifi ce da ya ji ƙugiya ta yi nauyi.

Ta dafa ruwa, ta gasa ƙafafun da tawul, ta goya yarinyar tana zagaya tsakar gida kamar jaririya. Inna na zaune tana tsintar shinkafa.

"Ke kike ɓata ta. Yaro ya ce wash, kin ce wayyo. Mu da muka raini maza ba mu san wannan shagwaɓar ba."

A shago kuwa aiki ya fara lalace mata. Ta ɗora hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗorawa a baibai. Ƙafarta na kan feda, hankalinta na gida. Mai shagon ta ce mata ta je ta huta kwana ɗaya kafin ta ɗinke yatsanta.

Wannan hutun shi ya fasa ƙwai. Da safe, Inna na banɗaki, Maman Tsigi ta tuna sabuwar kwalbar da ta karɓo tana cikin jakarta ba ta miƙa ba. Ta ɓalle murfin, ta ɗauko ƙwaya ɗaya, ta kawo ruwa.

"Ha, 'yar Umma."

Tsigi ta dubi tafin hannun uwarta, ta kau da kai.

"Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne kamar yaya?"

"Wannan na da ne. Na yanzu rawaya ne, tsotsa ake yi. Maganin Kaka ya fi zaƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun da Baffa ya fara kai ni wurin masu allura." Sai ta rufe baki da hannu, idonta ya ciko. "Ya ce sirrinmu ne. Ya ce in na gaya miki ba zai zama babban likita ba. Umma, kada ki ce ni na faɗa."

Maman Tsigi ba ta taɓa shiga ɗakin surukarta ba sallama ba, sai ranar. Ta buɗe kabad, ta ɗaga zannuwa, ta ci karo da gwangwanin biskit. Kwalaben da ta riƙa kawowa da hannu biyu suna ciki a jere, ko tambarin murfinsu ba a karya ba. Gefensu ga ledar alewar bitamin, irin ta kantin bakin titi.

Ta kawo gwangwanin falo, ta dire shi tsakiyar kofunan shayi. Su uku suka dube shi. Ba wanda ya tambayi mene ne, nan ta gane har da mijinta.

Dakta ne ya fara magana, da muryar mai ba da lacca.

"Ki zauna in miki bayani, Matar Yaya. Binciken yaran da ba sa shan wannan maganin yake so. Na rubuta ba ta shan komai. In ta ci gaba da sha, jinin zai nuna, a ce na yi ƙarya."

"Ba ƙaryar ka yi ba?"

"Ba za ki gane ba. Ɗan dakatarwa ne. Saura ɗiba ɗaya, shi ke nan ta koma kan abinta."

"Ɗan dakatarwa. Ka ga idonta? Ka ji kukanta?"

"Ai duk ina rubutawa."

Yana rubutawa! Ta juya ga mijinta. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali cikin kofin da ba komai.

"Ni fa cewa suka yi ba illa. Kuma kin san yadda gurbin nan yake da wahalar samu. Ɗalibai nawa suka nema? Ki yi haƙuri, ai ba kashe ta aka yi ba."

"Sai an kashe ta za ka ɗago kai?"

"Kai, kai, kai!" Inna ta buga cinya. "A gabana kike ɗaga wa ɗana murya? Yaron nan in ya zama likita wa zai fara mora? Ba ita ba? Naka sai naka. Ƙwayar bature ce ke raya mutum ko Allah? Kuma in gaskiya ake so, ciwon nan daga ina ta kwaso shi? Mu dai kaf zuriyarmu ba mu san shi ba."

Maman Tsigi ta dubi Dakta. Ko ita mai ɗinki ta sani, balle shi, cewa sikila sai uwa da uba sun haɗu suke ba da ita. A aji ɗaya ake koyar da wannan. Ya buɗe baki zai gyara wa uwarsa zance? Ina! Ya ɗauki burodi ya tsoma a shayi.

Ta kwashe kwalaben ta zuba a jaka. Ta ba 'yarta ƙwayar da hannunta, ta tsaya har ta haɗiye, ta ce ranar asibitin masu sikila na zuwa za ta kai ta, kuma ba wanda zai sake tsira mata allura. Maigidan ya bi ta har ɗaki yana roƙo ƙasa-ƙasa, wai a bar kaza cikin gashinta, in likita ya tambaya a ce mantuwa aka yi. Dakta ya daina gaishe ta. Inna ta shiga gaya wa maƙwabta cewa an auro musu mai baƙin ciki.

Sai dai maganin nan ba makunnin lantarki ba ne da za a kashe a kunna. A hankali yake gina jiki, kuma abin da aka rushe cikin makonni ba ya dawowa da ƙwaya biyu. Ranar asibitin ba ta kai ga zuwa ba. Wata safiya Tsigi ta ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce ya faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun hagu ya ƙi zuwa. Ta ɗago za ta ce Umma, bakin ya karkace gefe, kalmar ta fito a narke.

Maman Tsigi ba ta nemi takalmi ba. Ta fizgi jakarta, ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta fita titi.

A ɗakin gaggawa likitan yarinyar, wani dattijo mai furfura, ya duba ta cikin sauri, ya ba da umarnin a nemo jini. Kafin nan mutanen gida sun iso. Dakta har ya samu sukunin saka farar rigarsa.

"Tana shan maganinta?" in ji likitan.

"Kullum!" Inna ta riga kowa. "Da hannuna nake ba ta."

Dakta ya matso yana zuba Turanci, wai a nasa nazarin irin wannan yakan faru ko da ana kan magani. Likitan bai dube shi ba, uwar yake kallo.

"Ke nake tambaya. Ina so in san abin da nake yaƙi da shi."

Ta ji takalmin mijinta ya sauka kan yatsun ƙafarta, a hankali, ya danna. Ƙafar da ta taka titi ba takalmi, ita ya samu ya taka. Wannan ne kaɗai ƙarfin da ya nuna tun da aka fara. Ta san abin da ke bayan amsarta: gurbin ƙaninsa, zaman gidan, watakila auren kansa. Ta dubi gado. Tsigi na kallonta da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ya ɗan sauka.

Ta zare ƙafarta, ta buɗe jaka, ta jera kwalaben kan tebur.

"Ba ta sha ba, likita. Alewa suke ba ta. Ga wanda ya sa, don a karɓe ta a bincikensa."

Likitan ya ɗauki kwalba ɗaya, ya duba murfin, ya ajiye. Sannan ya juya ga Dakta.

"Aji nawa kake?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Cire rigar nan, ka fita min daga ɗaki."

Washegari shugabar binciken da kanta ta zo ɗakin jinya, wata farfesa 'yar ƙaramar mace mai tabarau. Ta tsaya gefen gadon. Ta ce abu na farko da suke gaya wa ɗalibai ranar da suka shigo shi ne, ba a raba yaro da maganinsa saboda bincike, waɗanda ba su taɓa farawa ba ake nema, su ma don a kai su ga magani. Ta ce laifinsu ne da suka karɓi sa hannun kaka ba su nemi ganin uwa ba, kuma ba za ta ɓoye wannan ba. An kori ɗalibin daga cibiya, an kai maganarsa gaban jami'a. Duk abin da ya kawo kuma an cire shi daga binciken, tunda an gina shi kan ƙarya.

"Jinin fa?" in ji Maman Tsigi.

Farfesar ta cire tabarau ta goge.

"Ba shi da amfani yanzu. An zubar."

Da yamma mutanen gida suka zo, har da wasu dangi da ba a taɓa gani a bakin gadon Tsigi ba. Sun zo da lemo, sun zo da fuskar ta'aziyya. Maman Tsigi ta ɗauka hannun yarinyar suka zo gani. Ashe ba wanda zai ɗaga bargon.

"Ki je ki ce ruɗewa kika yi," in ji Inna. "Uwa in ta firgita ai komai tana iya faɗa. Yaro ya yi shekara uku yana karatu, ki rushe shi da baki ɗaya?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," in ji wani kawunsu.

"Ga hannu can a kan gado," in ji Maman Tsigi. "Ku je ku gaya masa."

"Abin da ya faru ya faru," in ji maigidan, idonsa na kan silin. "Ƙaddara ce. Korar tasa za ta dawo da hannun ne?"

Ƙaddara, wai. Ƙaddarar da aka saya a kantin bakin titi, aka ɓoye ƙarƙashin zannuwa. Shi kuwa Dakta bai shigo ba, yana can waje jingine da bango yana kuka, dangi na dafa shi suna ba shi baki. A ranar shi ne majinyaci.

Da aka sallame su Maman Tsigi ba ta koma gidan ba. Ta kama ɗaki ɗaya bayan shagon ɗinki, inda in ta ɗaga kai daga keke tana hango ƙofarsa. Bakin Tsigi ya miƙe, magana ta dawo, ƙafar ma tana ɗauka ko da tana ja. Hannun ne ya ƙi. Duk yamma uwar takan kawo maɓallan da suka ragu a shago, ta zuba su kan faranti, yarinyar ta riƙa ƙoƙarin tsinta da yatsun hagu kamar yadda masu gashin ƙashi suka koya musu. Wata rana ta kama ɗaya, wata rana ko ɗaya. Igiyar tsallen tana rataye jikin ƙusa. Hannu biyu take so.

Rannan tana fama da wani jan maɓalli, ba ta ɗago ba ta ce, "Umma, Baffa ya gama da jinin nawa?"

"Ya gama."

"To yaushe zai kawo?"

Uwar ta tura mata maɓallin kusa da yatsa, ta ce ta sake gwadawa.

Ke uwa mai karanta wannan, da ke nake. Ban ce ki guji bincike ba, don maganin da ya riƙe Tsigi ma bincike ne ya kawo shi. Amma duk wanda ya ce zai kai ɗanki gwaji, ko ƙanin mijinki ne, ko ɗan cikinki, ki saka takalmi ki bi shi, ki ga shugaban wurin ido da ido, ki tambaya da bakinki. Kada ki tsallake ranar asibiti don wani ya ce ya iya. Kwalbar magani kuma a jakarki za ta kwana, ki tashi yaron ko yana barci, ki saka masa a baki da hannunki, ki tsaya har ya haɗiye. In ana kiran wani Dakta a gidanku tun bai gama ba, ki ƙara buɗe ido, don farar riga tela ke ɗinka ta, kuma kowa yana iya saya. Bare ba ya sanin inda kike ajiye magani. Naki ne ya sani. Ranar da yaronki ya ce miki maganinsa ya yi zaƙi, kada ki yi dariya, ki tashi ki duba.